Macijin Hannun Mai Fenti

'Yata ba ta sona. Duk wanda na gaya wa haka sai ya yi dariya ya ce haba, yarinyar da ko yaye ba a yi mata ba, me ta sani game da so da ƙi? To, ni dai na san abin da idona ya gani. Yarinyar nan tana zuwa wurin kowa. Tana zuwa wurin mai kawo mana ruwa, tana zuwa wurin mai gidan da muke haya, mutumin da ko ni ba na son mu yi kiciɓis a bakin ƙofa. Akwai ranar da wani ya zo duba mitar wuta, ta miƙa masa hannu ya ɗauke ta, har tana ja masa gemu tana ɓaɓɓaka dariya. Amma da zarar na dawo daga aiki na yi sallama na buɗe hannuwa, sai ta tsandara ihu ta kifa fuska a kafaɗar uwarta, kamar an ce mata ga mai allura nan ya iso.

Abin takaicin, ni da bakina na raɗa mata 'Yar Baba tun tana cikin tsumma, sunan kuma ya bi ta. Maƙwabta su ce, "Ina 'Yar Baba?" ta washe baki. Baban ya shigo, ta fashe da kuka. Tun tana jaririya in na ɗauke ta takan yi ta mutsu-mutsu tana yamutsa fuska, aka ce jarirai haka suke. Da ta fara zama aka ce ƙyuya ce, za ta daina. Da ta fara rarrafe sai ta samu hanyar gudu da kanta. Ina yin dariya a gaban mutane, amma wallahi abin yana ci mini rai. Namiji ya wuni a tsaye yana aiki, babu abin da yake tunani a hanya sai ya iso ya ɗauki 'yarsa, ya iso kuma a guje shi.

Ni mai fentin mota ne, kuma ba yabon kai ba, na iya aikina. Kawo mini motar da ta sha karo ta koma kamar gwangwanin da aka taka. Idan Guduma, fanel bitan garejinmu mai miƙar da ƙarfen mota, ya gama daddake ta, ni nake mayar da ita amarya. In goge tsohon fenti da sanfefa, in cike ramuka da fila, in sake gogewa har tafin hannu ya zame a kai, in sa firama, wato fentin share fage, sannan in fesa. Mai mota ya zo ya yi ta zagaye yana neman inda aka buge ta bai gani ba. Ina kuma da tsabta, wannan kowa ya shaida. Kullum in an tashi sai na zuba tina, ruwan nan da muke tsinka fenti da shi, a tsumma na wanke hannuwana tas har gwiwar hannu, na bi farce ɗaya bayan ɗaya, in fenti ya fallatsar mini a wuya ko a gemu nan ma na goge. Ban taɓa shiga gida da ɗigon fenti a jikina ba. Safar hannu da takunkumi kuwa, a wurina kayan sababbin yanka rake ne, har tsokanar masu sawa nake yi.

Sai kuma maganar macijin. A hannuna na dama akwai zanen maciji, irin wanda ake yi da allura da tawada, wato tatu. Ya naɗe hannun tun daga gwiwa, kansa ya sauko daidai wuyan hannu, ya fasa kai, baki a buɗe. Bayansa baƙi, cikinsa kore, harshensa ja. Na yi shi ne zamanin samartaka, lokacin da wani abokinmu ya sayo injin zanen ya rasa wanda zai fara gwadawa a kansa, ni kuma ina ganin babu wani abu da ya rage mini in zama cikakken namiji sai maciji. A lokacin ina siriri, shi ma macijin siriri ne, ana ganinsa an ga gamsheƙa. Bayan aure na yi ƙiba, shi ma ya yi, ya koma kamar mesar da ta haɗiyi akuya ta rasa yadda za ta yi da kanta. Mun daɗe muna zaune lafiya da shi, har mantawa nake yana nan.

Surukata ce ta tuna mini. Ta zo mana kwana biyu, ta ga yadda ake yi idan na shigo. Ita mace ce mai kunya, ba ta taɓa kallon tsabar idona ba, kuma ba ta yi mini magana kai tsaye. In tana da abin gaya mini, 'yarta take gaya wa, da ƙarfin da zan ji daga inda nake. Ina tsakar gida ina cire takalmi, yarinya tana ta ihu, na ji ta ce wa matata, "Ke ma dai da neman magana. Wa zai ga maciji ya buɗe baki yana nufo shi, ya tsaya? Yaro ai ba mahaukaci ba ne."

Na dubi hannuna. Gaskiya ne, in na miƙa hannu zan ɗauke ta, kan macijin ne yake fara isa gabanta. Na ji kunya, na kuma ji daɗi a lokaci guda, domin in dai maciji ne ai ba ni ba ne.

Washegari na dawo da riga mai dogon hannu, na ɓalle maɓalli har wuyan hannu. Na yi sallama, na buɗe hannuwa. Ihun ranar har ya fi na jiya. Daga cikin ɗaki surukata ta ce wa matata, "Ai ta riga ta gani. Ke in kika ga maciji ya shige ƙarƙashin gado, don an saki zanen gado ya rufe wurin sai ki hau ki kwanta?"

Wannan magana ta shige ni. Na ce lalle sai macijin nan ya bar hannuna, ko ni ko shi.

Na fara da mai kantin kayan shafa. Ya ɗauko mini wani ɗan kwali mai hoton hannu biyu, ɗaya da zane, ɗaya fes. Ya ce in shafa safe da yamma, kafin wata ya ƙare zan nemi macijin in rasa. Na shafa har robar ta ƙare, na sayo wata. Gashin hannun ya zube, fatar da ke kewaye ta yi haske, macijin kuwa ya ƙara fitowa raɗau, kamar motar da aka yi wa sabon feshi. Matata ta duba ta ce, "Baban 'Yar Baba, anya ba man gyaran zane aka sayar maka ba?"

Guduma ya ce in bar asarar banza, gishiri da lemon tsami ne maganinsa, wani ɗan'uwansa da shi ya cire nasa. Na tambaye shi ko ya ga hannun ɗan'uwan bayan an cire, ya ce a'a, amma ya ji labari. Na yi ta dirza gishiri ina matsa lemo, ina cije leɓe. Abin da na samu shi ne hannu ya yi ja, ƙudaje kuma suka san ni.

Daga nan na nemo abokin nan nawa da ya yi zanen. Yanzu yana da shago mai gilashi da kujera mai juyawa. Ya juya hannuna ya yi ta kallo, har da murmushin tuna baya, ya ce cirewa ba aikinsa ba ne, amma zai iya rufe mini shi da wani zanen da ya fi shi girma da duhu. Na ce kamar me? Ya buɗe mini hotuna, ya nuna wata baƙar damisa ta wage baki. Na ce masa yarinyar da ke gudun maciji ita zan kai wa damisa? Ya ce to akwai ƙoƙon kan mutum. Na yi masa sallama.

A hanyar komawa gareji ne dabara ta faɗo mini, kuma har yau ina mamakin yadda na ji kaina ya yi girma a lokacin. Na ce wai ni me nake yi haka? Shekara nawa ina cire fenti daga jikin mota, fentin kamfani ma, wanda aka gasa da wuta? Mene ne tatu in ba fenti ba? Mene ne fata in ba bodi ba? Ga sana'a a hannuna ina yawon neman taimako wurin masu sayar da man shafawa.

Da aka tafi cin abincin rana na kira Guduma gefe. Na ɗebo ruwa a bokiti, na yanko sanfefar ruwa, mai laushin nan da muke gamawa da ita kafin feshi, domin ni ba mahaukaci ba ne da zan fara da mai kaushi. Na ɗora hannuna a kan bonet ɗin wata mota, na ce ya danne mini.

Ya ce, "Oga, anya kuwa?"

Na ce, "Kai dai riƙe. Ƙarfe ka sani, fenti sai mu."

Na fara daga kan macijin, tunda shi ne mai laifi. Ina gogawa ina tsoma sanfefar a ruwa, yadda aka saba. Da farko zafi ne kawai. Can sai jini ya fara tsattsafowa, ruwan bokiti ya sauya launi, na hangi wani duhu-duhu a ciki na ce wa Guduma, "Ka gani? Tawadar ce take fita." Ya ce shi dai jini yake gani. Na ce ai ba shi da idon launi. Na ci gaba har sai da kan macijin ya koma jan nama, hawaye yana zuba mini ina cewa gumi ne.

To, duk mai fenti ya san in ka gama goga sai ka share wurin da tina kafin ka ga ainihin aikinka. Hannuna ne ya yi, ba kaina ba. Kafin in yi tunani na riga na jiƙa tsumma na ɗora.

Ban san ina da murya irin wannan ba. Masu gyaran taya na tsallaken titi sai da suka rugo. Guduma ya ce shekararsa da yawa a gareji, ya ji ƙarar injin da ya buga, ya ji ta tayar da ta fashe, bai taɓa jin irin tawa ba. Na ɗaure hannun da tsumma na ce kowa ya koma aikinsa, gobe zan ƙarasa sauran.

Goben da ba ta zo ba ke nan. Hannu ya kumbura ya yi suntum, ya fara ruwa, zazzaɓi ya rufe ni. Na ce wa matata maleriya ce. Ta kwance tsumman ta duba, ta mayar ta rufe, ta ɗauko mayafinta. Ita ta tare mana abin hawa zuwa asibiti.

Likitar fata mace ce, 'yar ƙarama, da tabarau. Ta duba hannun ta tambayi abin da ya same ni. Na so in ce hatsari ne, matata ta riga ni.

"Sanfefa ya sa, likita."

"Sanfefa? Ta goge katako?"

Na ce, "Ta ruwa ce, mai laushi." Har yanzu ban san abin da ya sa na ga wannan bayanin zai wanke ni ba.

Ta cire tabarau ta goge, ina jin don ta samu abin yi ne kada ta yi dariya. Sannan ta ce, "Malam, fentinka a kan mota yake zama. Wannan tawadar ba a kan fata take ba, a ƙarƙashinta take. Allura ce ta kai ta can. Kafin ka iso inda take da goga, sai ka cinye fatar gaba ɗaya. Garin neman gira ka kusa rasa ido. Da ka ƙara kwanaki a gida, da maganar da muke yi yanzu ta hannun ce, ba ta zanen ba."

Ta wanke ciwon, wankin da ya sa na tuna tina da alheri. Ta ba ni magunguna, ta kuma ce kada fenti ko tina ko ƙurar gareji su kusanci hannun har sai ya warke sarai. Da na tambaye ta yadda ake cire zanen da gaske, ta ce in ƙarami ne ana iya yanke wurin a ɗinke, amma nawa ya naɗe hannu, ba a yanke wannan. Abin da ya dace da ni na'urar leza ce. Haske ne mai ƙarfi da ake harbawa ya farfasa tawadar ta koma ƙanana, jiki ya riƙa kwashe ta da kansa a hankali. Ba zama ɗaya ba ne, sai an yi ta dawowa, tsakanin kowane zama kuma a bar fata ta huta makonni. Ta ce baƙi ya fi saurin tafiya, kore kuwa taurin kai gare shi. Inda na goge da hannuna, wannan tabo ne na har abada, in yi haƙuri da shi.

Haka na koma gida na zauna, ni da ban taɓa wuni a gida ba tunda na yi aure, domin ko ranar hutu akwai wanda zai kawo babur a fesa masa. Na zama kayan ɗaki. Ina kwance a kan doguwar kujera da hannu a naɗe cikin bandeji, 'Yar Baba tana bin bango tana koyon tafiya, tana leƙena daga nesa. Kwanakin farko ba ta wuce bakin ƙofa. Daga baya ta fara zuwa ta ɗauki takalmina ta gudu da shi. Wata rana da hantsi ina gyangyaɗi, na ji an dafa mini gwiwa. Na buɗe ido a hankali, ko numfashin kirki ban yi ba. Ta tsaya tana kallona, yawu yana zuba, ta miƙo mini wani guntun biskit da ta gama tsotsa. Na karɓa na ci. Ban taɓa cin abin da ya kai shi daɗi ba, kuma ba wasa nake yi ba.

Na ƙwala wa matata kira na ce ta zo ta gani. Na ce, "Kin ga? Kan kawai na kashe, ga sakamako. Ina ga an kashe shi duka?" Ta ce Allah ya sa. Na ce a gaya wa Mama maganarta ta fito.

Da ciwo ya warke na koma aiki, yarinya ta koma gudu. Ban damu ba, na ce ai an cire bandeji ne, gangar jikin macijin ta sake bayyana. Na je aka fara leza. Tsadarsa kada ma a yi maganar. Ana sa maka baƙin tabarau, a kwantar da hannun, na'ura ta riƙa ɗas-ɗas-ɗas, kowane ɗas kamar mai ya fallatso maka daga kasko. Wurin ya yi fari fat, daga baya ya kumbura, wani lokaci har da ƙuraje masu ruwa. Bayan kowane zama likita takan hana ni gareji na wasu kwanaki.

Ga inda nake so a ga irin basirata. Duk lokacin da aka yi mini leza na zauna a gida, 'Yar Baba sai ta dawo wurina. Ta hau cikina, ta ja mini hanci, ta yi barci a ƙirjina. In na koma aiki, ranar farko ma ta guje ni. Haka aka yi ta yi, zama bayan zama. Ko ɗan makarantar firamare aka ba wannan lissafin zai gane. Ni kuwa na zauna na yi nazari, na fito da bayani, har ina yi wa Guduma lacca. Na ce in an harbe shi da leza suma yake yi, shi ya sa take sakin jiki, in ya kwana biyu sai ya farfaɗo, ita kuma yarinya tana ji a jikinta. Guduma ya gyaɗa kai ya ce lalle yara suna da abin mamaki. Ranakun aiki sai na daina miƙa mata hannu ma, in shigo in wuce ta gefe, don kada in tayar mata da hankali. Na ce saura kaɗan, mai haƙuri shi kan dafa dutse.

Muka ci watanni a haka. Aka yaye ta, ta iya gudu, bakinta ya fara buɗewa. Baƙin macijin ya dushe ya tafi, jan harshen dama yana cikin abin da na goge, koren cikin nan ya tsaya ya yi ta gardama kamar ɗan haya da aka ba notis. A ƙarshe shi ma ya sallama. Ranar da likita ta duba ta ce an gama, abin da ya rage wata inuwa ce da sai an ƙura ido, sai kuma tabona a wuyan hannu, mai sheƙi, fatar wurin a tattare.

Da hutun da likita ta ba ni ya ƙare na koma aiki da ƙarfina. Ranar na fesa wata farar mota, ta fito kamar a lashe. Da aka tashi na yi wanki na musamman, na zuba tina ba ƙyashi, na dirje hannuwa da wuya da bayan kunne. Na sa riga mai gajeren hannu da na saya don wannan ranar. Na tsaya a hanya na sayo 'yar tsana. Na shiga gida da sallama mai ƙarfi, surukata ma tana nan ta zo duba mu, na ji daɗi za a yi a gabanta. Na durƙusa a tsakar gida na buɗe hannuwana biyu, babu maciji, babu komai.

"Zo, 'Yar Baba. Zo wurin Baba."

Ta taho da gudu, ta ga tsana. Saura taku kaɗan ta iso ta ja birki. Fuskarta ta yamutse. Ta juya ta ruga ta ƙanƙame ƙafar uwarta, ta saki kukan nan da na sani.

Na daɗe a durƙushe. Duk wahalar da na sha ban taɓa jin abin da na ji a lokacin ba, domin da ina da wanda nake ɗora wa laifi, yanzu kuwa babu kowa a hannun sai ni. Na ajiye tsanar a ƙasa. Na ce a raina shi ke nan, ashe ni ɗin ne ba ta so, haka Allah ya yi.

Matata ta ɗaga ta tana jijjigawa. "Haba, mene ne? Baba ne fa. Me Baba ya yi miki?"

Yarinya ta sa tafin hannu ta toshe hanci, ta nuna ni da ɗaya hannun, cikin shessheƙa ta ce, "Baba wari."

Na ɗaga hannuna na shinshina, ban ji komai ba. Shekarun da na yi ina shaƙar tina sun kashe mini hanci tuntuni, ni a wurina ƙanshin tsabta ke nan, in ma akwai shi. Na dubi matata.

Ta ce, "Wallahi ni na daina ji. Tun kana zuwa zance haka kake, na ɗauka haka jikinka yake."

"Haka jikina yake?"

"To, ai ban taɓa saninka ba tare da shi ba."

Sai na juya wajen ƙofar ɗaki, inda surukata take zaune a kan tabarma ta ba mu gefe. Ita ba ta zauna da ni ta saba ba, hancinta garau yake. Matata ta ce, "Mama, ke kina ji?"

Ta gyara lulluɓi, ta ce wa 'yarta, "Tun daga bakin titi nake sanin ya dawo. Idona har ruwa yake yi."

"To, Mama, me ya sa ba ki faɗa ba?"

"Ke, ki ji tsoron Allah. Da wane bakin zan ce surukina yana wari?" Sannan ta ƙara da cewa, "Macijin ma ai gara da ya tafi."

Na shiga banɗaki na yi wanka da sabulun wanki har fatata ta yi fari, na fito aka ce da saura. Abin ya riga ya kama jiki, ba na wanka ɗaya ba ne.

Washegari na shiga kantin kayan fenti na sayi safar hannu da takunkumi da rigar aiki mai rufe jiki duka. Da na sa na fito, waɗanda na daɗe ina tsokana suka ajiye aiki suka yi mini tafi, Guduma ya ce a yi wa sabon ɗan koyo barka da zuwa. Na haɗiye. Na daina taɓa tina da fatata. In fenti ya same ni, man gyaɗa nake shafawa in bi da sabulu, yana ɗaukar lokaci amma yana fita. Na sa aka kewaye wani lungu a bayan gareji da kwano, nan nake wanka in sauya kaya, kayan aiki kuma ba sa ƙara bina gida.

Kwanakin farko ban gwada komai ba, tsoro nake ji. Sai wata yamma na shigo na samu matata tana wanke-wanke, yarinya tana wasa da murafen tukwane. Ban kira ta ba, ban buɗe hannu ba. Na zauna a ƙasa na jingina da bango na miƙe ƙafa, kamar wanda ya zo hutawa kawai.

Ta ɗago ta kalle ni. Ta taso da murfi a hannu, ta tsaya daga nesa. Ta matso ta sunkuya ta shinshini gwiwata, yadda mage take yi wa baƙon kwano. Ta ƙara matsowa ta shinshini rigata. Sannan ta ajiye murfin, ta juya baya ta zauna daram a cinyata, kamar dama can wurin zamanta ne. Matata ta tsayar da wanke-wanke, na yi mata alama da ido kada ta yi magana.

Yarinya ta kamo hannuna na dama tana wasa da yatsuna, har ta iso kan tabon. Ta shafa shi da ɗan yatsa, ta ɗago kai.

"Ciwo?"

Na ce, "E, ciwo ne."

Ta kumbura kumatu ta hura masa iska, rabi iska rabi yawu, yadda uwarta take yi mata in ta faɗi. Ta sake hurawa. Ta ce, "Sannu, Baba."

Sai na miƙa mata hannun ta ci gaba da hurawa.